Silon da ya ƙi zama bayan an yi wa Corolla ringi

Motata Corolla ce ƙirar 2004, shigowar Amurka, mai injin 1ZZ lita 1.8 da giya otomatik. Ta daɗe tana shan baƙin mai, har ta kai kullum da galan a but, kuma in na tashe ta da safe sai salansa ta turnuƙe layinmu da shuɗin hayaƙi. Bakanikena ya ce ba makawa sai an buɗe inji, a sa sabon ringi, wato zoben da ke jikin fistan, a canza robobin bawul da tof gasket. Na tattara abin da nake da shi, na ranto na cika, aka yi aikin. Hayaƙi ya ɗauke kam, wannan ba zan ci haƙƙin mutumin ba. Sai dai ana kukan targaɗe sai ga karaya: motar da duk shan man da take yi ba ta taɓa ba ni matsalar silo ba, wato juyin inji lokacin da mota ke tsaye ba a taka totur ba, ta dawo gida ba ta iya tsayuwa wuri ɗaya.

Lokacin hunturu ne, Disamba ta yi nisa. In na tashe ta da sanyin safiya allurar rezin, mai nuna saurin juyin inji, takan haura wajen 1,500, wanda ba laifi ba ne, duk mota mai injekta haka take yi kafin ta ɗumama. Amma maimakon ta sauko sannu a hankali ta zauna wajen 700, sai ta shiga lilo. Ta faɗo ƙasa da 500 har sitiyari na kakkarwa a hannuna, sai ta zabura ta koma 1,200, ta sake faɗowa. In na sa giya a D na taka birki abin ya ƙaru, in kuwa na kunna esi to sai addu'a. Abin mamaki, a kan hanya ba za ka ce tana da wani ciwo ba. Na bi da ita titin Zariya har Rigachikun tana tafiya sumul, amma ina dawowa na faɗa cunkoson Kawo a cikin Kaduna ta mace mini a tsakiyar titi, masu Keke Napep na ta danna hon a bayana, wani yana leƙo kai yana cewa Alhaji a sa mai mana.

Na koma gareji. Na ce, "Oga, motar nan fa ba ta silo."

Ya ce, "Haba Alhaji, sabon aiki ne ai. Ringi bai zauna ba tukuna. Kuma ka san mun cire batir, kwakwalwar motar ta manta komai. Ka ci gaba da hawa, za ta daidaita da kanta."

Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, shi ya sa na karɓa. Sabon ringi yana buƙatar tafiya kafin ya saba da jikin silinda, kuma kwamfutar mota tana ajiye abin da ta koya game da iska da mai, wanda ke gogewa in batir ya daɗe a cire. Sai dai wannan koyon ba ya ɗaukar lokaci, 'yan tafiye-tafiye kaɗan sun isa. Tawa kuwa kwanaki na tafiya abin na nan, har ma wutar cek ta kama a dashbod. Da na nuna masa sai ya sa yaro ya cire kan batir ya mayar, wuta ta ɗauke, ya ce shi ke nan. Daga baya na gane cewa duk lokacin da aka yi haka, an sake goge ɗan abin da kwamfutar ta fara koya ne, an kuma share shaidar da take ajiyewa.

Abu na gaba da aka yi shi ne wanke bakin injekta. A Corolla ta wannan shekarar totur na waya ne, ba na lantarki ba kamar na 2005 zuwa sama. In ka ɗaga ƙafa, faifan da ke cikin bakin injekta yakan rufe kusan ruf, sai wani ɗan bawul da ke manne a ƙasansa ya riƙa buɗe wa iska ƙaramar hanya gwargwadon umarnin kwamfuta. Shi ne mai riƙe silo. In ka kunna esi ya ƙara buɗewa, in inji ya yi zafi ya rage. Motar da ta shekara tana ƙona baƙin mai dole wurin nan ya yi baƙi ƙirin, kuma haka muka same shi. Aka wanke tas, aka mayar. Lilon ya ɗan ragu, bai tafi ba.

Daga nan sai Oga ya ɗauko sifana ya ɗame wayar totur, yadda faifan ba zai koma ya rufe ba. Mota ta daina mutuwa, gaskiya ne, amma ta koma ihu a wajen 1,300, in na sa giya sai ta yi wani gif ta zabura gaba. Ban ga laifinsa sosai ba, domin na san inda dabarar ta samo asali. Manyan kanikawan garin nan da yawa a kan Fijo suka koyi aiki, 504 ɗin da aka fara harhaɗawa a Kakuri tun 1975, kuma a motar kafireto silo ɗan sukuru ne da ake murɗawa da sukundireba har kunne ya gamsu. A motar injekta kuwa kwamfuta ce mai iko da silo, duk abin da ka ɗame da hannu faɗa kawai ka haɗa ta da shi. Ga kuma mai. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba mai wasa da allurar tanki, ni kuwa ina kallo tawa tana sauka kamar ana jan ta.

Sai aka shiga lissafin saye-saye. Wannan ya ce fulogi, wancan ya ce kwayil, wani da ya zo karɓar tasa motar ya rantse eyafulo ne, sensar da ke auna iskar da ke shiga inji, don haka tasa ta yi bara. Aka ambaci nozul, aka ambaci famfon mai. Oga ya fi karkata ga eyafulo, ya ce in ba da kuɗi yaro ya je Panteka ya samo na Beljiyam. Aljihuna kuwa ya riga ya bushe. Allah ya taimake ni akwai wata Corolla sa'ar tawa a garejin tana jiran fenti, na roƙa a aro nata a gwada. Sukuru biyu ne da soket ɗaya. Aka sa, mota ta ci gaba da lilonta kamar ba a yi komai ba. Haka muka yi da kwayil, shiru. A nan na ce a dakata haka nan.

Wani abokin aikina ne ya yi mini kwatancen wani matashi a wajen Kurmin Mashi da ke sa wa mota kwamfuta. Na je da ɗan shakku, don na saba ganin masu wannan sana'a suna soka na'ura, su karanto lamba, su goge, su karɓi kuɗi. Soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16, kuma duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da shi. Ya soka, lambobi biyu suka fito: P0171 da P0128. Ta farkon na nufin iska ta yi wa mai yawa a cikin inji. Ta biyun na nufin ruwan inji ba ya kai zafin da ya kamata.

Na ce, "To me za mu saya?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, ba yanzu ba. Lambar nan ƙorafi kawai motar ta kawo, ba ta faɗi mai laifi ba."

Ya koma wani shafi a na'urar inda ake ganin abin da kowace sensa ke faɗa wa kwamfuta a daidai lokacin. Abin da ya fara nuna mini zafin ruwa ne. Na taso tun daga Unguwar Rimi, na ratso gari, amma ruwan bai wuce digiri 60 da 'yan kai ba. Ya kashe motar, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, sai ga fanka ta kama juyawa. Ya tambaye ni tun yaushe take haka, na ce tun da aka yi aikin, kuma an ce mini an yi mata dairek ne don kada sabon inji ya yi zafi. Ya ce in fanka na dairek, to da wuya in tamostat, abin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, yana ciki. Aka bar wannan a gefe tukuna.

Wurin da ya fi daɗewa a kai shi ne wasu lambobi biyu masu nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan lissafinta na asali. Yadda ya bayyana mini, injin fetur na son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, a ma'aunin nauyi. Eyafulo na zaune bayan filtar iska yana auna duk iskar da ta wuce, kwamfuta ta ba nozul umarnin man da ya dace da ita. Can a jikin salansa kuma akwai wata sensa da ke sansanar hayaƙi ta ba da rahoto ko haɗin ya yi daidai. In ta ce iska ta yi yawa, kwamfuta ta ƙara mai. A lafiyayyar mota wannan gyaran ba ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100, sama ko ƙasa. A tawa, da ya saki wayar totur ɗin da aka ɗame mota ta koma silo, jimillar ta haura kashi 25. Wato akwai iskar da ke shiga inji ba ta bi ta gaban eyafulo ba. Ya ce kamar uwargida ce ta ƙirga baƙin da suka shigo ta ƙofa ta auna shinkafa daidai su, ashe wasu sun hauro ta katanga. Dole tukunya ta gaza, ta yi ta ƙari a gurguje.

Sai ya ce in taka totur in riƙe a 2,500. Ina riƙewa lambar ta gangaro ƙasa da 10. Na saki, ta sake hawa. Ya ce wannan shi ne abin da yake nema. A silo injin lita 1.8 iska kaɗan yake ja, wajen giram 2 a daƙiƙa, don haka 'yar ɓarakar da ba ta kai komai ba sai ta zama kaso mai tsoka. In an ba da wuta iskar da ke bin hanya ta ninka sau da yawa, ta ɓarakar kuwa tana nan yadda take, sai ta ɓace a ciki. Shi ya sa motar ke lafiya a titin Zariya ta mace a Kawo. Da famfon mai ne ya yi rauni, ko filtarsa ta toshe, ko ƙura ta rufe wayar eyafulo, da akasin haka za a gani: silo lafiya, lambar ta haura in an taka. Na tsaya ina tunanin kuɗin famfon mai da na kusa fitarwa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, domin babban tsorona shi ne a ce aikin ringin ne bai yi ba, ko an saɓa sarƙar tayimin da haƙori ɗaya wajen mayarwa. Wannan injin sarƙa gare shi ba bel ba, da alamomi masu launi a jikinta da dole su dace da na giyoyin da take zagayawa a sama da ƙasa, kuma saɓa haƙori ɗaya ya isa ya lalata silo. Na faɗa masa. Ya ce a gwada a huta. Aka cire kwayil huɗu da fulogi huɗu, aka cire fiyus ɗin famfon mai, ya ɗaura gejin matsi a ramin fulogi, na taka totur har ƙasa ina ba da kii. Silinda huɗun duk suka ba da tsakanin 175 da 185. Ƙa'idar injin ita ce kada ya gaza 145, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da silinda kada ta wuce 15. Ga matsi daidai wa daida, ga ƙarfi a hanya, ga kwamfuta ba ta kawo ƙarar tayimin ba. Na yi ajiyar zuciya. Cikin injin lafiya yake, Oga ya yi aikinsa. Fulogin ma da muka duba bakinsu ya yi fari fat, alamar ƙarancin mai, ba baƙin gawayi ko jiƙewar baƙin mai ba.

Saura neman ɓarakar. Tsakanin eyafulo da kan inji wurare ne masu yawa da hannu ya taɓa lokacin aikin. Ya fara da babban hos ɗin da ya taso daga akwatin filta, ya lanƙwasa shi yana duba cikin kwarmin, ba tsaga. Sai ya ɗauko filaya ya naɗe bakinta da tsumma, ya riƙa matse ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan na'ura: na tukunyar birki, na tururin tanki, sai wanda ya fito daga murfin bawul. Da ya matse na ƙarshen lambar ta ɗan motsa. Ya juya shi, sai ga tsaga a ƙasan bakinsa inda ido ba ya kaiwa, robar ta bushe ta yi tauri, ga alama wajen fizgo ta ne ta dare. Ya naɗe da tef na wucin gadi. Lambar ta sauka kaɗan, amma da sauran tafiya.

Muka jira inji ya huce, ya sa aka ajiye abin kashe gobara a kusa, domin abin da zai yi wasa da wuta ne. Ya tayar, ya ɗauko gwangwanin wankin kafireto mai siririn tsinke, ya riƙa fesawa ɗis-ɗis a inda manifol, bututun da ke raba wa silinda huɗun iska, ya haɗu da kan inji. Ta ɓangaren giya ba abin da ya canza. Yana isowa bakin silinda ta ɗaya, ta wajen bel, muryar injin ta sauya nan take, ya yi luf kamar ya warke, lambar da ke na'ura ta rufto ƙasa. Bayan 'yan daƙiƙu lilo ya dawo. Ya sake fesawa, ya sake yin luf. Injin na zuƙe maganin ta ɓarakar yana ƙona shi a madadin man da ya rasa. Ya miƙo mini guntun tiyo ya ce in sa baki ɗaya a kunne in kai ɗayan wurin. Na ji tsiii siriri, wanda ƙarar fanka ta hana mu ji tun farko.

Na biya shi kuɗin gwajinsa, na mayar da motar wurin Oga, don aikinsa ne kuma ba na son a ce na kai wa wani ya ɓata. Na ba shi labari ba tare da na ɗaga murya ba. Bai ji daɗi ba da farko, ya ce yaran kwamfuta ba su san inji ba. Na ce, "Oga, ai shi ne ma ya wanke ka, ya ce ringinka ya zauna daram. Manifol kawai za mu buɗe." Wannan ta sauko da shi.

Manifol ɗin wannan injin na roba ne mai tauri, gasket ɗinsa kuma zobban roba ne guda huɗu a haɗe da ke kwanciya cikin kwarmi. Sabo yakan ɗan ɗago sama da kwarmin, don in an ɗaure ya matse. Wanda muka ciro ya lafe ya yi daidai da kwarmin, ya yi tauri har yana karyewa in an lanƙwasa, an kuma shafe shi da jan gam. A bakin silinda ta ɗaya gam ɗin ya tattare gefe guda, ga sawun ƙura ja-ja a inda iska ke bi. Tsohon gasket ne aka mayar. Na tambayi dalili, Oga ya ce wanda ya zo cikin kwalin gasket ɗin da aka sayo bai yarda da shi ba, robarsa lakaf-lakaf, ya ga gara orijinal ɗin da ya zo da mota a taimaka masa da gam. Ban iya musa masa rabin farko ba, kowa ya san irin kayan da ke yawo a kasuwa. Amma robar da ta shekara kusan 20 tana shan zafi, in aka ɗaga ta daga mazauninta ba ta komawa. Sanyi kuma na ƙara tsuke ta, abin da ya sa safiyar hunturu ta fi kowane lokaci muni.

Na nemo gasket mai kyau da sabon tiyo da tamostat. Aka kankare gam, aka goge fuskar kan inji, aka sa gasket a bushe ba tare da an shafa masa komai ba, aka ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, don manifol na roba ba ya son a danne gefe ɗaya. Aka saki wayar totur ta koma da ɗan wasanta.

Tamostat ne muka yi doguwar muhawara a kai. Da aka buɗe gidansa wayam, kamar yadda matashin ya yi hasashe. Oga ya ce, "Alhaji, wannan abin na ƙasar sanyi ne. Ka bari Maris da Afrilu su zo ka ga yadda Kaduna ke yi, sai ka dawo da kanka ka ce in cire." Na ce masa abin yana fara buɗewa ne a digiri 82, in ya gama buɗewa ruwa na wucewa lagireto ba tare da tsaiko ba, don haka lafiyayyen tamostat ba ya sa mota zafi, lagireto da ya toshe, ko murfinsa da ya saki, ko fankar da ta gaji su ke yi. In babu shi kuma fanka na dairek, inji ba ya ɗumama, kwamfuta na ɗaukar har yanzu safiya ce, ta riƙe silo a sama, ta yi ta zuba mai. Man da ya yi yawa kuma yana wanke baƙin man jikin silinda, wanda shi ne abu na ƙarshe da sabon ringi ke buƙata. Ya girgiza kai ya ce motarka ce. Muka jefa sabon a ruwan zafi a kan rishon mai shayin bakin gareji, muka ga ya buɗe baki, sannan aka sa. Mai wayarin ya mayar da fanka kan rilenta. Aka cika ruwa, aka bar murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita.

Aka tayar aka bar ta ba esi ba fitila. Ta fara a sama, ta riƙa saukowa da kaɗan-kaɗan yayin da allurar zafi ke hawa, har ta tsaya ƙasa da rabi kaɗan. Rezin ya zauna wajen 700 bai ƙara motsi ba. Can sai fanka ta kama da kanta, ta yi ɗan juyi ta tsaya, yaran gareji suna kallonta kamar ba su yarda ba. Aka sa D aka riƙe birki na ɗan lokaci, aka kunna esi, allura ta ɗan nutsa ta dawo. Da na koma wurin matashin bayan na yi 'yan zirga-zirga a gari, zafin ruwa yana wajen 88, ƙarin man da ya haura kashi 25 ya dawo ƙasa da 5, lambobin nan biyu kuma ba su dawo ba.

Akwai 'yar girgiza da ta rage in ina tsaye a D da esi a kunne, ana jin ta a sitiyari amma allura ba ta motsi. Matashin ya sa na taka birki na sauya daga D zuwa R yana kallon inji, ya nuna mini yadda yake tsalle ta gefen dama. Robar injin sit ce ta tsage, ba ruwanta da silo. Oga ya ce ya gani tun ranar da suka buɗe inji, ya yi shiru ne don ya ga kuɗina sun ƙare. Mun yi da shi sai ƙarshen wata, in an yi albashi, a haɗa da juyen baƙin mai na farko bayan ringi.